Birisben, Inda Ɗalibi Kan Yi Karatun Wasa Da Safe, Na Shari'a Da La'asar

Wanda duk ya shiga birnin Birisben ta ruwa, watau ya hau ɗaya daga cikin jiragen fiton nan masu gudu da mutanen garin ke kira CityCat, abin da zai fara lura da shi shi ne kogin garin ba ya tafiya sak. Sai ya miƙa kamar zai faɗa teku, sa'an nan ya karkato ya komo da baya, ya sake lanƙwasa, har baƙo ya rasa ina ne gabas ina ne yamma. A cikin ɗaya daga cikin lanƙwasoshin nan, inda ƙasa ta tsuke ta yi tsini kamar bakin garma, nan tsakiyar birnin yake. A can ƙarshen tsinin kuwa akwai abubuwa uku jingine da juna: tsohon lambun itatuwa na birni, da Majalisar Dokokin Jihar Kwinsland, da harabar Jami'ar Fasaha ta Kwinsland, wadda aka fi sani da QUT. Sunan wurin Gardens Point.

Birisben ita ce babban birnin Jihar Kwinsland, ita ce kuma ta uku a girma a ƙasar Ostareliya bayan Sidni da Malbon, mutanenta sun haura miliyan biyu da rabi. Asalinta gidan kaso ce. A cikin 1824 Turawan Ingila suka kafa sansanin fursunoni a wani wuri a bakin teku wai shi Redcliffe, da shekara ta kewayo suka ga wurin bai yi musu ba, suka taso suka dawo bakin kogin, suka sa wa garin sunan Gwamnan lokacin, Sir Thomas Brisbane. Tun kafin zuwansu da dubban shekaru ƙabilun Turrbal da Jagera ke zaune a nan, su kuwa Meanjin suke kiran wurin. Kogin da ya ƙawata garin shi ne kuma babban abin tsoronsa, gama ya yi ambaliya ya cinye unguwanni a 1974, da 2011, da kuma 2022. Tsofaffin gidajen katako na garin galibi a kan dirkoki aka ɗora su, iska na ratsawa ta ƙarƙashi, ruwa ma in ya zo da dama-dama sai ya wuce ta nan.

A tsakiyar harabar Gardens Point akwai wani gidan dutse mai baranda, wanda aka gama gininsa a 1862. Nan gwamnonin jihar suka zauna har 1910. Kewaye da shi dogayen gine-gine ne na zamani, a cikinsu ake koyar da aikin injiniya, da kimiyya, da kasuwanci, da shari'a. Ɗalibin shari'a a nan in ya fito daga aji ya yi 'yan taku kaɗan sai ga shi a ƙofar majalisar da ke yin dokokin da ya baro a littafi, in kuma ya bi titin George ya miƙe, kafin ƙafarsa ta gaji ya isa manyan kotunan jihar.

Jami'ar tana da wata haraba ta biyu, kamar mil biyu daga nan, a kan tudun wata unguwa da ake kira Kelvin Grove. Wani ɓangare na wurin dā barikin soja ne, sunansa Barikin Gona. Kada mai karatu ya zaci noma ake yi a ciki; sunan wani ƙauye ne a ƙasar Papuwa Niugini inda sojan Ostareliya suka gwabza da na Japan a 1942. Da soja suka tashi, sai gwamnatin jihar da jami'ar suka haɗa kai suka mai da filin sabuwar unguwa, da gidajen kwana da kantuna da azuzuwa duk a cakuɗe, babu katanga babu ƙofa. A cikin 2001 jami'ar ta kafa sashen da ta kira na sana'o'in ƙirƙira, ta tattara masu koyon kiɗa, da wasan kwaikwayo, da fim, da zane, da aikin jarida a inuwa ɗaya, a 2004 kuma ta buɗe musu mazauni a tsohon barikin. Har yanzu ana ganin wasu daga cikin tsofaffin ɗakunan soja a tsakanin sababbin gine-ginen. Nan ne kuma ƙungiyar wasan kwaikwayo ta La Boite take, wadda aka kafa tun 1925. Dandalinta a tsakiya yake, 'yan kallo su kewaye shi ta ko'ina kamar yadda ake kewaye 'yan dambe.

Akwai motar safa da ke jigilar ɗalibai da malamai kyauta tsakanin harabobin biyu. A cikin masu hawanta akwai wasu 'yan ƙalilan da tafiyar ta zame musu tilas kusan kullum, su ne waɗanda suka ɗauki digiri biyu a haɗe, ɗaya a kan tudu ɗaya a bakin kogi. A farkon shekarun 2010 jami'ar ta fito da wani digiri na musamman a kan sana'o'in nishaɗi. Manufarsa ba horar da mawaƙi ko ɗan wasa ba ce. Waɗanda ke bayan fage ake nufi, watau mai shirya fim, da manajan mawaƙi, da mai haɗa taron kiɗa, da mai neman kuɗin da za a yi aikin da shi. Aka kuma ba ɗalibi damar ya haɗa shi da digirin shari'a. In da ɗaya bayan ɗaya zai yi su, shekara uku da shekara huɗu, bakwai ke nan. A haɗe kuwa shekara biyar da rabi. Sunayen digirori da tsarinsu sukan sauya a jami'o'in ƙasar daga lokaci zuwa lokaci, amma al'adar haɗa shari'a da wani fanni ta daɗe da zama jiki a Ostareliya, har ta kai ɗalibin shari'a da yawa bai san wata hanya ba sai ita.

To, me ya haɗa kiɗa da kotu? Wanda ya yi wannan tambaya a Ostareliya, labarin wata sarewa za a ba shi. A cikin 1934 wata malamar makaranta a Malbon mai suna Marion Sinclair ta ci gasar waƙa ta ƙungiyar 'yan mata 'yan sikawut da wata 'yar gajeriyar waƙar yara a kan tsuntsun nan kukabura, mai kuka kamar dariyar mutum. Waƙar ta bazu, kowane yaro ya iya ta, har mutane suka ɗauka ta gargajiya ce ba ta da mai ita. Malamar ta rasu a 1988, a 1990 wani kamfani mai suna Larrikin ya sayi haƙƙin mallakar waƙar a kan dalar Ostareliya 6,100. A gefe guda kuma, a 1981 wasu mawaƙa da ake kira Men at Work suka fitar da waƙarsu "Down Under", wadda ta zagaya duniya ta zama kamar taken ƙasa na biyu. A cikinta akwai wata 'yar busar sarewa da ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Shekara ashirin da shida ba wanda ya ce uffan, sai a 2007 aka yi tambaya a wani shirin kacici-kacici na talabijin, wai wace waƙar yara ce ke ɓoye a cikin busar nan. Kamfanin ya ji, ya garzaya kotu. A 2010 Kotun Tarayya a Sidni ta yanke cewa lalle an kwaikwayi wani muhimmin yanki na waƙar malamar. Kamfanin ya nemi har kashi 60 cikin ɗari na kuɗin waƙar, alƙali ya ba shi kashi 5, daga 2002 zuwa gaba. Aka ɗaukaka ƙara ba a yi nasara ba. Mai busa sarewar, Greg Ham, ya faɗa wa 'yan jarida baƙin cikinsa cewa da wannan za a riƙa tunawa da shi, a matsayin wanda ya kwafi abin wani. Ya mutu a 2012.

Hukuncin bai yi wa jama'ar ƙasar daɗi ba, kuma ba wuya a ga dalili, tun da wadda ta ƙirƙiri waƙar ba ta ci ko kwabo a ciki ba, wanda ya saya da araha shi ya ci. Amma doka ba ta duba wannan. Dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar, ta 1968, ta mai da waƙa dukiya kamar gida ko gona, a sayar a gada, kuma tun 2005 haƙƙin yakan ci gaba har shekara 70 bayan mutuwar mai shi. Ɗalibin da ya hau tudu da safe aka koya masa yadda ake haɗa faifai, da la'asar a bakin kogi ake nuna masa inda faifan kan kai mutum in ba a bincika kowace busa ba.

Daga Gardens Point akwai wata gadar ƙafa, Goodwill, da aka buɗe a 2001, wadda ke tsallakar da mutum zuwa ɗaya gaɓar kogin. Nan aka yi babban bajekolin duniya na 1988, da aka watse sai aka mai da filin wurin shaƙatawa, har da wani bakin teku na ƙirƙira mai yashi da ruwan wanka a tsakiyar gari. Gaba kaɗan akwai babban gidan wasanni na jihar, wanda aka buɗe a 1985, da ɗakin karatu, da gidajen ajiye zane-zane guda biyu. A cikin waɗannan ne baƙo zai tsaya gaban zanen 'yan asalin ƙasar, masu ɗige-ɗige da layuka na jar ƙasa da farar ƙasa, waɗanda kowannensu labarin wata ƙasa ne da wata zuriya, ba kuma kowa aka yarda ya zana shi ba ko a cikin dangi. A nan ne dokar da aka gada daga Ingila ta fi yin tuntuɓe, domin ita mutum ɗaya ta sani a matsayin mai abu, su kuwa abin na dangi ne. A 1966 da ƙasar ta sauya kuɗi daga fam zuwa dala, Babban Banki ya buga zanen wani ɗan asalin ƙasar, David Malangi, a bayan takardar dala ɗaya ba tare da ko sallama ba. Da magana ta fito, aka ba shi dala 1,000, da lambar yabo, da kayan kamun kifi. Wasu masu zane kuma suka kai ƙarar wani kamfani da ya sa aka saƙa zanensu a jikin darduma a ƙasar Biyetnam ya shigo da su yana sayarwa, ana taka abin da su a wurinsu mai tsarki ne. A 1994 kotu ta ba su gaskiya, ta kuma sa wulaƙancin da aka jawo musu a idon danginsu cikin lissafin diyya. Ita kanta tutar 'yan asalin ƙasar, mai baƙi da ja da rawayar rana a tsakiya, wadda Harold Thomas ya zana a 1971, sai da ta kai wani kamfani mai lasin yana aika wa ƙungiyoyinsu takardar gargaɗi in sun buga ta a riga. Gwamnatin Tarayya ta kashe wutar a Janairun 2022 da ta sayi haƙƙin a kan dala miliyan 20 da 'yan kai.

In dare ya yi, hankalin matasan garin yakan koma wata unguwa a arewa maso gabashin tsakiyar birni, Fortitude Valley, wadda ta samo sunanta daga jirgin ruwan da ya kawo baƙi daga Birtaniya a 1849. Gidajen kiɗa ne jere, ƙarar ganga na fitowa daga kowace ƙofa har asuba ta gabato. Unguwar tana da tarihin da ba na alfahari ba. Zamanin Firimiya Joh Bjelke-Petersen, wanda ya riƙe jihar daga 1968 zuwa 1987, an hana zanga-zanga a titi, 'yan sanda sukan tarwatsa taron kiɗan samari, alhali gidajen caca da na karuwai a wannan unguwa suna ta cin kasuwarsu saboda ana kai wa manya nasu kason. 'Yan jarida ne suka tona, aka kafa hukumar bincike a ƙarƙashin lauya Tony Fitzgerald daga 1987 zuwa 1989, ƙarshenta shugaban 'yan sandan jihar kansa, Terry Lewis, ya tafi kurkuku. A zamanin nan ne kuma, wata ranar Nuwamba ta 1982, mutane suka wayi gari suka tarar an rushe Cloudland cikin dare, babban zauren rawa da ke kan tudu wanda iyayensu da yawa a nan suka fara haɗuwa. Sai a 1992 jihar ta sami cikakkiyar dokar kare tsofaffin gine-gine.

Barazanar da ta zo wa unguwar daga baya ta wata fuska ce. Masu kuɗi suka fara gina benayen kwana a cikinta, waɗanda suka tare suka shiga kai ƙara wai kiɗa ya hana su barci, kuma bisa dokar lokacin mutum ɗaya in ya yi ƙorafi yana iya sa a rufe gidan da ya riga shi zuwa da shekaru. A 2006 Majalisar Birni ta keɓe unguwar ta zama yankin nishaɗi na musamman, irinsa na farko a ƙasar. Aka ƙayyade iyakar ƙarar da gidan kiɗa zai fitar, aka kuma ɗora wa mai sabon gini nauyin ya toshe bangonsa da tagoginsa yadda sauti ba zai shiga ba. Watau wanda ya zo ya tarar, shi zai yi haƙuri. Wannan 'yar doka ta hukumar gari, wadda ba mai waƙa da zai rera ta, ita ta riƙe kiɗan Birisben da rai, kuma a unguwar ne ake yin taron BIGSOUND kowace shekara, inda mawaƙa da manajoji da kamfanoni da lauyoyinsu kan haɗu a yi ciniki.

Misalin da ya fi kusa da zukatan mutanen garin a yau kuwa na wata 'yar kwikwiya ne. Bluey wasan zane ne mai motsi na yara, kowane kashi kamar minti bakwai, labarin wata iyalin karnuka da ke zaune a irin gidan katakon nan mai dirkoki. Joe Brumm ya ƙirƙiro shi, kamfanin Ludo na nan Birisben ke zana shi, aka fara nuna shi a Oktoban 2018. Gidan talabijin na gwamnatin Ostareliya, ABC, da sashen kasuwanci na BBC ta Ingila suka haɗa kuɗin yin sa. A cikin yarjejeniyar, ABC ta sami ikon nuna shi a gida, BBC kuwa ta riƙe ikon sayar da shi a duniya da na duk kayan wasa da riguna da littattafan da ke ɗauke da hotonsa. A lokacin ba wanda ya san abin da zai zama. A 2024 babu shirin da aka fi kallo ta intanet a Amurka kamarsa, an ƙiyasta minti fiye da biliyan 55. Masu sharhi a Ostareliya har yanzu suna cizon yatsa, suna cewa kaza tasu ce amma ƙwan a Landan ake kwashewa. Ba wanda ya cuci wani. Abin da aka sa wa hannu shi aka bi.

Tafiyar kamar awa ɗaya a mota zuwa kudu, a kan hanyar Gold Coast, akwai manyan ɗakunan ɗaukar fim na Village Roadshow a Oxenford, inda kamfanonin Amurka kan zo saboda rangwamen harajin da gwamnati ke yi musu, wanda aka ɗaga zuwa kashi 30 cikin ɗari a 2023. A nan aka yi Aquaman, a nan kuma aka yi Elvis, wanda aikinsa ya tsaya cik a Maris na 2020 sa'ad da ɗan wasa Tom Hanks ya kamu da cutar korona, ɗaruruwan ma'aikata suka zauna jiran abin da takardun inshora da na kwantiragi za su ce. A 2015 ma an yi wata 'yar dirama da ba ta cikin fim, da matar Johnny Depp ta lokacin, Amber Heard, ta shigo da karnukansu biyu ba a killace su ba. Ministan Aikin Gona ya ce a fitar da su ko a kashe, maganar ta ƙare a kotun majistare. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba ya faru kusa da nan, a filin wasa na Dreamworld, ranar 25 ga Oktoba 2016, sa'ad da wani kwale-kwalen wasa ya kife ya kashe mutum huɗu. Bincike ya nuna sakaci na shekara da shekaru, a 2020 aka ci kamfanin tarar dala miliyan 3.6, jihar kuma tun 2017 ta mai da kisa ta hanyar sakaci a wurin aiki babban laifi. Mai haɗa taron da dubban mutane za su cika fili, rayuka ne a hannunsa, kuma wannan ma darasi ne da ake yi a harabobin biyu, kowace da irin nata harshe.

Karatun kansa ba sauƙi gare shi ba. Hukumomin shari'a na ƙasar sun wajabta fannoni goma sha ɗaya da duk mai son zama lauya sai ya ci su, daga dokar laifuffuka zuwa ta kwantiragi, ta filaye, ta kamfanoni, ta shaida, da ta tsarin mulki, ba a kuma rage wa kowa ko ɗaya don yana da wasa gobe. Halin karatun biyu ma ya sha bamban. A kan tudu aikin taro ne, a kwana ana gyaran fitila da sauti. A bakin kogi kuwa mutum ne shi kaɗai da hukuncin alƙali mai shafi ɗari. Shekarar karatu tana farawa ne a ƙarshen Fabrairu, lokacin da zafi da tsawar la'asar ba su gama sauka ba, gama a can damina da rani a juye suke. In Oktoba ta zo itatuwan jakaranda suka zubar da furanninsu masu ruwan shuni a kan tituna, ɗalibai sun san jarrabawa ta ƙwanƙwasa ƙofa. Bayan digiri kuma da sauran aiki, sai an yi horon aikin lauya na wasu watanni, kamar dai yadda ake zuwa Makarantar Koyon Aikin Lauya a Nijeriya, tun da ƙasashen biyu daga Ingila suka gaji tsarin, sa'an nan a gabatar da mutum gaban alƙalan Kotun Ƙoli ta jihar a sabon gininta na gilashi da aka buɗe a titin George a 2012. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya, manyan kamfanonin fim da na faifai sun fi yawa a Sidni da Malbon, don haka wanda ya gama ba lalle ne ya sami aikin da ya yi mafarki a garinsu ba. Wani ya yi ƙaura, wani ya ƙare a ofishin lauyoyin filaye, ranar Asabar yana duba wa abokansa mawaƙa takarda kyauta.

Wanda ya tsaya a gefen harabar Kelvin Grove ya dubi gabas, zai ga wani makeken fili mai tuddai, Victoria Park, wanda 'yan asalin ƙasar ke kira Barrambin, inda kakanninsu kan yi zango su yi taro. A Yulin 2021 aka ba Birisben wasannin Olamfik na 2032. A Maris na 2025 Firimiyan jihar, David Crisafulli, wanda ya yi alkawari lokacin zaɓe cewa ba zai gina sabon filin wasa ba, ya fito ya nemi afuwa ya ce a wannan fili za a gina mai ɗaukar mutum 63,000. Majalisar da ke maƙwabtaka da ajin shari'a ta yi doka a shekarar ta tsame gine-ginen wasannin daga wasu dokokin tsara gari da na kare muhalli da kayan tarihi, don kada ƙara ta tsai da aiki, wata ƙungiya ta 'yan asalin ƙasar kuma ta rubuta wa Gwamnatin Tarayya a Kanbera tana neman a kare wurin.